Gidan Sauron Lusungu

Ranar da aka yi rabo a asibitin Chintheche
biyu muka samu, shuɗɗa, da warin magani a jikinsu.
Tiwonge ta rataya ɗaya bisa gadonmu,
ɗayan na Lusungu, mai shekara huɗu da giɓi.

Ni na kwance nata.
Kada a ɗora wa kowa.
Taruna ya yage, ga usipa sun cika bakin tafki
kamar an ɓarar da buhun azurfa,
idon gidan sauro kuwa ko kifin jiya ba ya tsere masa.
Na ce dare uku kacal.
Dare uku ya cinye damina.

Sai ga yarinya ta ture tuwon masara,
jiki kamar garwashi, haƙora na kaɗawa,
tana kiran bargo da tsakar rana.
Na goya ta a keke. Hawan dutsen nan,
ban san ina da addu'a haka a bakina ba.

Nas Nyirenda ta soki yatsa, ɗigo ɗaya,
muka zuba wa ɗan farin allo ido.
Layi biyu.
Na ce ko ɗanyen mangwaro ne, ko dukan ruwan sama.
Ta ce, Wongani, ba mangwaro ba ne.
Macen sauro ce, mai yawon dare ba sallama,
ta sha jinin mai zazzaɓi can,
kwanaki su shuɗe, ta juye wa mai barci nan.
Ina 'yarka take kwana?
Na dubi ƙafata.

Kwana uku na magani, ko ta tashi tana tsalle a ƙarasa.
Mun ƙarasa.

Da na dawo na leƙa tsohon kwalekwalen babana
da ke bayan ɗaki tun rasuwarsa:
ruwa kwance, tsutsotsi na wutsil-wutsil,
ashe a gidana nake kiwon su.
Na kife shi. Na cike ramukan da ƙasa.
Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kifin sati biyu na sayar na sayo sabo.
Yanzu kafin in ɗauki fitila in nufi ruwa
sai na cusa gefensa ƙarƙashin katifa,
kusurwa huɗu, in sake zagayawa.
Sauro na kuka daga waje.
Lusungu na minshari daga ciki,
ƙafa ɗaya bisa filo.