Gwiwar Bututu

Ruwa ba ya tsami banza.
Yau kwana uku ruwan sinkina ya tsaya cik,
kamar baƙon da aka sallama ya ƙi tashi.
Ƙwayar shinkafa na iyo a kansa,
maiƙo ya naɗa masa rawani.

Na kira mai gyaran famfo, wani Gareth.
Ya ce fam tamanin kafin ma ya tsallako ƙofa,
kuma sai Alhamis.
Na ce madalla, na kashe waya.
Fam tamanin! Kusan dare guda ke nan a asibiti
ina juya tsofaffi, ina canza zanen gado.

Na zuba tafasasshen ruwa, ko gezau.
Na zuba hoda da binega, ya yi kumfa, ya ja tsaki,
ya koma ya kwanta.
Na danna robar nan mai sanda har kafaɗata ta yi ƙara,
sai ya amayo min ganyen shayin makon jiya.

Nan na jawo akwatin Barau daga ƙarƙashin bene.
Shekara biyu ban taɓa murfinsa ba.
Sifana na nan, da ɗigon koren fenti a ƙota,
da ƙanshin man inji,
da wani rasidi da ya ninke gida huɗu.

Suwaiba, haska min da wayarki.
Ba fuskata ba, 'yar nan, can ciki!
Na shimfiɗa tsohon zane, na tura bokiti,
na kwanta rigingine, rabina a cikin kabad,
sanyin Coventry na cizo ta tayil.

Gwiwar bututun ta yi gardama.
Na lallashe ta, na zage ta, na yi bisimilla,
sai ta saki.
Baƙin ruwa ya biyo hannuna har hammata.
Suwaiba ta toshe hanci, ta ce da guntuwar Hausarta,
"Mama, wari ya yi yawa da yawa."

Na zazzage gwiwar a kan jarida.
Kitsen ragon layya, ya daskare kamar kyandir.
Ƙaramin cokali da na zargi 'yar maƙwabta a kansa,
Allah Ya yafe min.
Can tsakiya kuma, an saƙa su kamar sheƙar tsuntsu,
tsinkayen sakace.
Goma, ashirin, na daina ƙirga.

Sau nawa na ce, Barau, ga kwandon shara!
Sai ya yi dariya ya cilla a sinki,
ya ce ai ruwa zai kai shi teku.
Ashe ruwan bai kai ba.
Ashe nan suka zauna suna tare min hanya
alhali mai su ya wuce.

Na zauna dirshan a tayil ɗin.
Ban san ko dariya nake ba.

Bututun ya tsage a baki, ba ya komawa.
Na sa shi a leda, na hau bas zuwa titin Foleshill.
Mista Dhaliwal ya juya shi, ya auna da ido,
ya miƙo sabo fari fat, fam huɗu da rabi.
Ya ce da hannu za ki ɗaure, ban da ƙarfe,
roba ba ta son fin ƙarfi.

Karon farko ya yi yoyo, ɗis, ɗis,
na sa zoben robar a baibai.
Na kwance, na juya, na sake murɗawa a hankali
har na ji ya zauna.

Buɗe famfo, Suwaiba. Duka.
Ruwa ya taru, ya yi jim,
ya yi juyi ɗaya, ya zuƙe da gyatsa.
Na sa busasshiyar takarda a ƙasa,
muka tsuguna muna gadinta kamar masu jiran wata.
Ba ta jiƙe ba.

Na kwashe jaridar da kitsen na kai bola.
Tsinke ɗaya na wanke da sabulu,
na sa shi kusa da sifana,
na rufe akwatin.
Kwanukan kwana uku na jira.