Mai Gadin Kango

Shekara tara ina gadin iska
a bayan tashar jirgi, Ƙauran Namoda.
Ɗaki goma sha biyu, kowanne da kwaɗo,
ni kuma ina kwana a zaure bisa kwali,
makullan a wuyana kamar laya.

Mai gidan ya rasu, magada sun watse,
wani Legas, wani Abuja, wani kotu.
Jemagu suka gaji silin,
gara ta ci ƙyaure, ta ci taga,
tumfafiya ta tsiro a madafi
har na fara gaishe ta da safe.

Tsallaken titi, Kulu mai ƙosai,
wadda ta baro ƙauyensu da dare ba shiri,
tana raba rumfa ɗaya da 'ya'ya biyar.
In hadari ya haɗo daga gabas
sai ta dubi gidan, ni in dubi ƙasa.
Amana aka ba ni. Amanar me?
Ƙadangaru ba su taɓa biyan haya ba.

Ran wata Talata mota biyu suka tsaya,
ɗaya ta hukuma, lambarta ta nuna,
ɗaya ta Alhaji Nomau mai siminti.
Su da babban ɗan marigayi
suka baje takarda a goshin mota.
Gutsi-gutsi na tsinta:
hukuma ta yafe haraji, ta jawo ruwa da wuta,
Alhaji ya zuba kwano da fenti,
magada su saki gida shekara sha biyar,
haya kuwa kada ta fi ƙarfin mai tura baro.

Na ce a raina, mun sha ji.
An taɓa auna rijiya a unguwar nan,
har yau a turakun awon awaki ke susa.

Sai ga Arzika birkila da tsaninsa.
Wata huɗu ana buge-buge.
Jemagu suka tashi ba sallama.
Tumfafiyar da hannuna na sare ta,
ban bari kowa ya ga fuskata ba.

Ba a rasa ƙura ba.
Wani mai hanya ya so cusa surukinsa,
matan unguwa suka zauna ƙofar ofis
har aka karanta sunaye da lasifika.
Kulu ta sami na uku daga ƙofa,
Tunau malamin firamare na kusa da famfo,
sai mai facin taya, sai wata ungozoma.

Ranar rabo na kwance igiyar wuyana,
ina zare makulli, ina miƙawa,
wuyan yana sauƙi, ƙirjin yana nauyi.
Ɗaya ya rage.
Akawu ya ce, Baba Cindo, riƙe wannan,
a albashin gadi za a riƙa cirewa.

Daren farko ban rintsa ba.
Ba sauro ba ne.
Jariri ne, da rediyo, da tari,
da gardama kan igiyar shanya.
Na tashi zagaye kamar kullum,
a gurbin tumfafiya na tarar
da waken Kulu a jiƙe cikin roba.

Bayan shekara sha biyar?
Takarda ta san nata, Allah ya san namu.
Ni dai da asuba an ƙwanƙwasa ƙofata,
wani yaro aka aiko aron ashana.