Littafin da Gara Ta Riga Ni Karantawa

A Tsohuwar Kasuwa, bayan rumfar dukawa,
Malam Tambari ya baza littattafai bisa buhu.
Na ɗauki ɗaya don arharsa.
Gara ta riga ni buɗe shi:
ta cinye sunan marubucin ƙaf,
ta bar mini ƙasarsa, Japan.

A bangon baya an ƙulle rayuwarsa cikin layi bakwai.
Garin masunta aka haife shi.
Yana ɗan sha tara aka miƙa masa bindiga.
Ya dawo, unguwarsu ta zama toka,
ya nemi alƙalami.
Sai jerin littattafai, sai lambobin yabo,
ta farko, ta biyu,
ta ukun rami ce, ina hango yatsana ta ciki.

Dare huɗu na yi da shi a Mabera,
ga zafi, ga sauro, ga fitilar waya.
Babu jarumi a ciki.
Tsohon soja ne mai gyaran laima,
da matarsa mai wanke shinkafa sau uku,
wadda ba ta taɓa ce masa, me ka gani can?

Nan na kife littafin.

Kakana Arzika ya je yaƙin Bama.
Lamba guda ya dawo da ita,
tana cikin gwangwani tare da basilla da zare.
Takalma ya ɗinka har ido ya ƙi.
In damina ta sauko da ƙarfi, Rima ta cika,
sai ya shige ɗaki ya ja ƙyaure.
Kakata Hajo ba ta tambaya,
fura take damawa ta ajiye bakin ƙofa.

Ko daji ɗaya suka kwana, ban sani ba.
Ko wancan ya auna wanga ya kuskure,
kuskuren da ya haifi ubana,
ban sani ba.
Ɗaya ya rubuta shirunsa aka tafa masa,
ɗaya ya tafi da nasa kushewa,
ba mu ma san inda gwangwanin ya shiga ba.

Da safe na koma wurin Malam Tambari,
ko ya san sunan mutumin.
Ya juya littafin, ya busa ƙasar da ke ciki,
ya ce, wanda ya sani ya ƙoshi ya tafi.