Baƙaƙen da Suka Karkata

A Valparaíso babu abin da ke tsaye cak.
Gidaje sun ƙanƙame dutse kamar masu tsoron teku,
matakala na hawa tana haki,
fitilun titi ma sun rusuna wa iska.
To don me, in ji kakana Eliodoro,
baƙi zai ƙame kamar soja a fareti?

Shekara uku yana sassaƙa su
daga haƙarƙarin wani kwalekwale da ya gaji da ruwa.
Har yau in damina ta kama
akwatinsu warin gishiri yake yi.

Ya ba su jiki irin na masu dakon tashar jirgi,
kafaɗa fankacece, ciki mai shan tawada,
amma inda layi ya lanƙwasa
sai ya sirance shi kamar zaren ƙugiya.
Sannan ya ɗan tura su dama,
karkatar mai hawan tudu da buhu a gadon baya.
A ƙafar kowanne ya bar dunduniya,
a kansa ɗan baki kamar na hula.
Baƙi marar takalmi, ya ce, ba ya yin nisa.

S ce ta so ta ga bayansa.
Sau tara tana shiga murhu.
Ta goma ta fito da ƙirji gaba
kamar agwagwar da ta ci zaɓe,
ya dube ta, ya yi dariya, ya ƙyale ta haka.

Nélida, kada ki rubuta wasiƙa da su.
Waɗannan ba su iya raɗa ba.
Kalma uku, in ta yi yawa huɗu,
sauran zancen ki bar wa ƙananan baƙaƙe.

Na ƙi ji, ina 'yar sha huɗu.
Na jera katin auren 'yar mai gidan burodi
da su, tun daga sama har ƙasa.
Uwar amarya ta riƙe shi nesa da fuska
ta ce, biki muke kira ko gobara?

Amma ba su bango ka ga aiki.
DAMBE DAREN ASABAR.
KIFI YA SAUKA.
Yajin aikin masu dako, ja a kan takardar rawaya,
da muka buga ƙofa a kulle, fitila a rage.
Karen gwauruwa Fresia da ya ɓata,
wanda direban motar haya ya gane
don ya karanta sunansa daga tsallaken titi
ba tare da ya taka birki ba.

Ranar da kakana ya rasu
na ɗauko siraran baƙaƙe masu tsayuwar ladabi,
waɗanda aka saba sanar da mutuwa da su.
Na jera sunansa. Na duba.
Wani baƙo ne kwance a wurin, ban san shi ba.

Na watsar, na jawo akwatin gishiri.
E ta tsage a kusurwa, O biyu sun cinye,
ta ukun sai da na yi mata ciko da takarda.
Na shafa baƙar tawada har ta yi ƙyalli,
na danna da nauyina duka.

Da asuba sunan yana kan kowane bango
daga kasuwar kifi har bakin maƙabarta,
ya duƙa gaba, kafaɗa a buɗe,
dunduniya a kafe.
Wata tsohuwa ta tsaya da kwandonta,
ta karanta, ta girgiza kai.
Ji shi, ta ce,
ko yanzu ma sauri yake yi.