Kaset na Arba'in da Ɗaya

Kwali guda Baba Nomau ya bar mini:
manyeto mai igiyar ratayawa,
makirufo mai kai kamar goriba,
da kaset arba'in da ɗaya,
kowanne da karkataccen rubutunsa:
Bagga, masu haƙar rijiya. Kalfu, ranar kasuwa.
Na ƙarshen ba shi da suna.

Ni kuwa kwamfuta na sayo a Yamai,
siririya, ba ta kai nauyin faranti ba.
Na juya ta dama, na juya ta hagu,
ƙofofi biyu ne, kamar hancin ƙadangare,
kan wayar Baba kuwa ya kai ɗan yatsa.
Ina raƙumi, ina kafar allura?

Na tafi wurin Illo, bakin kasuwar Tawa,
wanda ke gyaran rediyo tun ina goye.
Ya ɗaga tabarau, ya shinshina cikinta,
ya ce, "Ɗankon ya narke, ya koma kwalta."
Ya yanko zobe daga tsohon tib na keke,
ya ɗaura, sai ga ta tana juyawa.
Ya miƙo wata 'yar akwati mai baki biyu:
"Ga tafinta tsakanin tsohuwa da yarinya.
Jika uku. Ba ragi."

Na haɗa su. Kwamfuta ta yi tsaki,
ta rubuto da Faransanci wai matuƙi ya ɓata.
Wane matuƙi? Jirgi muka hau?
Kwana uku ina cigiyarsa,
kuɗin kati na tsiyayewa kamar ruwa a kwando.
Ashe kamfanin da ya ƙera tafintar ya mutu,
bai bar wa marayunsa wasiyya ba.

Almu ɗan maƙwabta ya leƙo ta katanga.
"Yi mata ƙarya, Iya Zali.
Ce mata yau shekarar da aka haife ni ce."
Ya latsa nan, ya latsa can,
yarinya ta yarda ta tsufa.
Koriyar fitila ta kama.

Sai gurnani.
Ba murya, gurnani kawai, kamar zuma cikin amya.
Na kashe fanka, na zare firij,
na sake waya, na hure ƙura,
yana nan daram.
Illo ya ce ta tarho, "Ƙasa yake nema."
Na kafa ƙusa a gindin randa, inda ƙasa ke da laima,
na ɗaura mata silin waya.
Gurnani ya kwanta kamar kare ya ga mai gida.

Daidai nan kuran ya ɗauke.
Na zauna cikin duhu da yatsa bisa maɓalli
har ladan ya yi kiran lisha.

Da wuta ta dawo, Baba ya yi magana,
amma da sauri, da muryar ɗan akuya.
Na juya ɗan sukurun da Illo ya nuna mini,
kaɗan, kaɗan,
har maƙogwaronsa ya sauko inda na san shi.

"Ɗaya, biyu. Ana ji na?"

Ana jin ka.
Ana jin taɓaryar Inna a bayanka,
da zakara, da ƙyauren langa-langa,
da wata jaririya tana tsala kuka.
"Ku ɗauki Zali, tana ɓata mini aiki,"
ka ce, kana dariya, har tari ya sarƙe ka.

Kwamfuta ta ce za ta iya wanke hayaniya.
Na bar ta ta gwada.
Ta share shuuu ɗin kaset,
ta share turmi, ta share zakara,
ta share ni.
Ta bar ka kai kaɗai
kana magana a ɗakin da ba kowa.

Na ce ta mayar.
Minti goma sha tara ne, da ƙurarsa da komai.
Saura arba'in,
zoben Illo kuma ya fara saki.