Sawun Nomau

Hutun shekara suka ba ni, kwana goma sha huɗu.
Na ce wa Mande, jingine babur, da ƙafa za mu.
Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi tumbina,
ya ce, "Mai teburi da fanka, har ina?"
Na ce, har inda takalmi ya yarda.

Kakana Nomau ta nan ya bi, shekarar fara,
daga Bunguɗu, da jaki guda da butar duma,
goshinsa gabas. Shekara bakwai.
Ya tsinci audugar wasu a Sudan
kafin ya haɗa kuɗin jirgin ruwa.
Ya dawo da Alhaji a gaban sunansa
da yatsu tara a ƙafa,
bai taɓa faɗa mana inda ya bar na goman ba.

Mun bar Gusau ana sallame asuba.
Kwalta ta raka mu kaɗan, muka saki hannunta,
muka bi burtali tsakanin karan dawa.
Kafin hantsi diddigena ya yi ruwa.
Mande yana gaba yana fito,
ni ina baya ina lissafin zunubaina.

Dutsen Kwatarkwashi ya fito mana tun da nisa,
ya ƙi matsowa.
Ka yi tafiyar awa guda, yana nan inda yake,
baƙi, da farin zane a kafaɗa inda ruwa ke sauka.
Mikiya biyu a samansa, ko fiffike ba sa kaɗawa.
Su ma sun ga Nomau? Kakanninsu dai.

A gindin tudu fadamar rake ce, kore shar,
sa ɗaya yana zagaya injin matsa, ido a rufe.
Ruwan yana tafasa a faranti mai faɗin ɗaki,
ƙamshin ya riga sallamarmu isa.
Wata tsohuwa, Ige, ta ɓantaro mazarƙwaila da ɗumi,
ta ce, "Mi kuka biɗa da rana tsaka?"
Na ce, hanyar alhazan ƙasa.
Ta yi dariya da haƙori uku.
"Ga ta nan ƙarƙashin gyaɗar Bawa.
Rijiyar ce ta saura, da tsamiyar da suka ɗaure jakai."

Na leƙa rijiyar.
Bakinta dutse ne, igiya ta ci shi gurbi-gurbi,
na sa yatsana a ɗaya, ya shige har gaɓa.
Na sha. Ɗanɗanon ƙarfe da saiwa.

Da la'asar mai unguwa ya tare mu.
Ya ce, daga nan ba a bin daji, ba irin da ba ne,
ku kwana, gobe ku bi bakin titi.
Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.
Nomau kura ya ji wa tsoro, da ƙishi.
Mun kwana a zaure da takalma a ƙafa.

Rana ta uku muka shiga Tsafe ina ɗingishi,
duwatsu a dama kamar shanu sun kwanta.
Mande ya sayo man kaɗanya ya miƙo,
ya ce, "To, Alhaji, saura nawa?"

Ni ma fa na je, bara waccan.
Awa biyar, da bargo, da shinkafa a tire,
na yi barci a kan Sudan gaba ɗayanta.
Yau da ƙafa biyu cikin roba ta ruwan gishiri
na buɗe taswira, na auna da tsinken ashana:
abin da muka ci kwana uku
bai kai kan tsinken ba.

Mota muka shiga komawa, minti hamsin.
Dunƙulen Ige na cikin aljihu, ya narke,
ya manne da kuɗin motar.