Karkiya Ɗaya

Wata tara ina tara kuɗin allo,
ba na karatu ba, na kwamfuta,
mai gurbi biyu, kore shar kamar ganyen lalo,
irin wanda masu son na'ura ke mafarki da shi.
Sada ya sauko da shi daga saman kanta
da hannu biyu, kamar mai miƙa tiren ƙwai.

Kuɗina duk a kansa suka ƙare.
Saura sai tsince-tsince:
ƙwaƙwalwa biyu 'yan gwanjo,
sun yi wa wani banki bauta har ritaya,
dubu goma sha takwas har da kuɗin mota daga Ikko;
ram sanda huɗu, ba uwarsu ɗaya ba;
fanka daga gawar wani inji a Ƙofar Ƙaura.

Baba ya zo daga Rimi aikin ido,
ya tarar da ni tsugune kan tabarma,
sukurori a murfin kwano kamar riɗi.
Na ce, Baba, kai biyu za ta yi, jiki guda.
Ya ce, to shanun huɗa ke nan.
Ka duba haƙoransu?
Ba a ɗaura bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya,
kuyya karkacewa take.
Na share bayansu na karanta lamba.
Sa'o'in juna ne, har baƙin ƙarshe.

Akwati ya ƙi allo, yatsa uku ya rage.
Rabe mai walda ya auna da tsinken tsintsiya,
ya yanke haƙarƙarin ƙarfe yana tsaki:
Ni ƙofa na sani da taga,
yau ga ni ina faɗaɗa wa aljani ɗaki.

Daren Laraba, ɗaya saura, aka kawo wuta.
Na ɗiga man sanyi kamar ƙwayar gero,
na ɗaure, na yi bisimilla, na danna.
Fanka ta juya sau biyu ta tsaya.
Na sake. Ta sake.
Wata tara suka taru suka tsaya mini a maƙoshi.

Da safe Murja ta ajiye hular da take ɗinki,
ta haska fitilar waya cikin gurbi na biyu.
Ƙayoyin zinare sama da dubu, jere kamar shuka.
Ta ce, ga ɗaya can ta kwanta.
Ni ban ga komai ba.
Ta zare allura daga bakin mayafi,
ta haɗiye numfashi,
ta tallabe ta a hankali har ta miƙe.
Ta ce, ladana katin waya,
kuma kada ka kawo mini na ɗari biyu.

Sai jiran wuta.
La'asar ta wuce, Magariba ta wuce,
mai shayin bakin layi ya kife kofuna.
Ƙwan ɗaki ya lumshe, ya buɗe.
Na danna.
Ƙit! Sau ɗaya tak. Gilashi ya waye.
Na shiga na ƙirga da yatsa a kan gilashin:
biyu. Duka biyun suna numfashi.

Zanen benen nan na Dutsin Safe
da ke kwana yana dahuwa a tsohuwar laftof,
ya nuna kafin ruwan buta ya tafasa.

Abin da ba a faɗa mini ba, shanu da ci.
Mita na lashe kati kamar akuya a kan dusa,
ɗakina ya koma gidan burodi,
maƙwabta sun zaci injin markaɗe na saya.
Babu riga nake aiki.

Ranar da aka kwance wa Baba bandeji
ita ya ce a fara nuna masa.
Bai ko kalle ta sosai ba.
Kunne ya kara a jikin akwati, ya daɗe,
sannan ya ce, na dama ya fi ja.

Na duba ma'auni.
Na dama ne.